Inuwar Na Uku a Farar Riga

Ku samarin da kuke hawo mana bene na biyar a Panyu, nan ƙasar Sinawa, da buhun rigunan ƙwallo a ka, ku tsaya a bakin ƙofa kuna cewa, "Baba Idi, ashe danna ƙarfe kawai kake yi ake kiranka ma'aikaci?" to yau ku zauna. Kujera meyo, babu kenan in ji Sinawa, ku zauna a kan kwali. Ni aji huɗu na bar makaranta, ban san Turancin da kuke murɗa baki da shi ba, amma na san abin da farin yadi yake yi idan an saka shi tsakanin ƙarfe biyu, kuma akwai abin da na gani da ba ya cikin littafin kowa.

Rigar farko da na buga a ƙasar nan, juye na buga ta. Suna ya fito daga dama zuwa hagu kamar ajami. Anti Lo, matar da ta koya mini aikin, wata 'yar guntuwar Basiniya mai gilashi a wuya, ta ɗaga rigar ta kalla, ta kalle ni, ta kai ta gaban madubi ta nuna mini cewa a can kawai ake iya karanta ta. Ba ta yi faɗa ba. Tsintsiya ta miƙo mini, na yi sati biyu ina shara. A nan na koyi darasin farko: ledar suna a juye injin yanka yake yanka ta, sai ta hau riga take miƙewa. Yau shekara goma sha da wani abu, na fi saurin karatu a juye fiye da a miƙe. Ku ba ni jarida ku ga ina in'ina, ku juya mini ita ku ga farfesa.

Kafin nan wanki da guga nake yi a Fagge, shekara ashirin, da dutsen guga na gawayi. Wani Alhaji ne ya taho da ni in riƙa ɗaure masa kwalayen takalma a kasuwar Zhanxi. Shi ya koma, ni na maƙale. Wata rana ina gyara wa wani rigar samfur da ta yamutse, ba dutsen guga, na cika butar shayi da tafasasshen ruwa ina bi da ita a kan wuyan rigar, sai wani mai jan gemu ya tsaya a kaina har na gama. Shi ne Haji Sab, lawban ɗinmu, wato maigida a bakin Sinawa. Ba zan faɗi ƙasarsu ba. Ƙasashen can masu son wasan kurket, idan ka ambaci ɗaya ka bar ɗaya sai a yi wata ana jin haushinka. Ya ce, "Kai ka san farin kaya?" Na ce na yi wa limamai uku guga ba wanda ya taɓa dawo mini da riga. Washegari na fara.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai injin yanka, akwai tsinken ƙarfe mai lanƙwasa da ake tsince ledar da ba a so daga cikin haruffa, akwai hantsaki, akwai takarda mai santsi da ake rufa wa riga kada ƙarfe ya taɓa ta kai tsaye. Sai babban, wato ƙarfen dannawa, mai baki kamar kada. Agogonsa ya mutu tun kafin in zo, Haji Sab ya ce gyara sai shekara mai zuwa, har yau shekarar ba ta zo ba. Anti Lo da waƙar garinsu take ƙirga lokaci. Ni da istigfari nake ƙirgawa. Rigar ƙwallo irin taku, istigfari goma sha biyar. Farar rigar kurket, goma sha biyu, idan ka kai goma sha uku ta yi ruwan ƙwai, kuma ba sabulun da zai dawo da ita. Shi ya sa nake gaya wa Mamman ɗan Maradi, abokina mai haɗa kago, wato kayan da 'yan kasuwa ke aikawa gida, cewa duk garin nan ba wanda ya kai ni neman gafara, kuma a kan albashi.

Sannan kafin ka ɗora suna sai ka fara danna rigar ita kaɗai, ka kori danshin da ke cikinta. Za ka ga tururi ya tashi daga rigar da ka rantse busasshiya ce. Wanda ya tsallake wannan, sunansa wanki biyu zai yi ya fara ɓarewa daga kusurwa kamar tsohon fastan siyasa.

To bari in fassara muku kurket, tunda ku ban da ƙwallon ƙafa ba ku san komai ba. Mai kwana biyar nake nufi, wanda suke kira Tes. Manyan mutane ne masu gemu da iyali, su sha fararen kaya kamar za su ɗaurin aure, su fita fili tun hantsi. Ɗaya ya rugo da gudu ya jefi wasu itatuwa uku, ɗaya ya tsaya da faffaɗar sanda yana karewa, idan jifa ya taɓa itatuwan mai sanda ya fita. A tashi cin abincin rana. A dawo. A tashi shan shayi, wallahi shayi, a dawo. A yi haka kwana biyar, wani lokacin a ce ba wanda ya ci, kowa ya tafa ya tafi gida. Na yi shekara biyu ina jiran ranar da za a fara wasan na gaskiya.

Amma abincinmu a nan yake. Mutum goma sha ɗaya ake zaɓa su wakilci ƙasa, kuma wasu dattawa ne suke zama su zaɓa, waɗanda ba a taɓa ɗaukar hotonsu suna dariya ba. Masoya sunan wanda yake cikin goma sha ɗayan nan suke so a bayansu. Tun kafin su kansu 'yan wasan su fara saka suna a farar riga, masoya suna aiko mana mu buga musu. Matsalar ita ce riga tana makonni a hanya kafin ta isa kasuwarsu. Dole mu buga tun dattawan ba su zauna ba. Idan ka buga sunan wanda aka ajiye, ka buga tsumman goge mota. Saboda haka a shagonmu ba a hirar siyasa, ba a hirar mata, hirar mutum ɗaya ake yi: wane ne hannunsa ya buɗe, wane ne hannunsa ya mutu. Haji Sab kalma ɗaya yake da ita ga wannan, fom. Wane yana da fom, wane fom ɗinsa ya tafi. Har shinkafa idan ta yi ruwa sai ya ce mai dafawa ba ya cikin fom.

A bangon shagon akwai ƙusa goma sha ɗaya, kowace da rigarta, baya a waje, a jere yadda suke fitowa duka. Ta goma sha biyu tana bayan ƙofa kusa da buta, ta wanda aka zo da shi ya riƙa kai wa sauran ruwa. Ba mai taɓa rigunan nan sai Haji Sab. Wasu suna hawa su sauka kamar farashin tumatir. Amma rigar ƙusa ta uku na tarar da ita a wurin, kuma ba ta taɓa motsawa ba. Sunan mai ita harshena ba ya iya ɗauka, haruffa shida, sai nake ce masa Na Uku. Dogo ne, ba ya gaggawa, idan ya tsaya da sanda sai masu jifa su gaji su fara tunanin iyalansu. Na ga yini guda cur a wayar Haji Sab mutumin nan yana tsaye, bai yi wani abin kirki ba, bai kuma fita ba, Haji Sab yana share hawaye da gemu yana cewa wannan shi ne wasa.

Shekarar da ta ba mu wuya ita ce wadda ta biyo bayan buɗe gari daga kullen annoba. Masu saye ba su dawo da yawa ba. Haji Sab ya kawo sabon inji mai zuba suna cikin zaren yadin kansa, wanda Anti Lo take iya sarrafawa da yatsa ɗaya tana cin gyaɗa. Ni kuma idona ya fara yi mini wasa. A sati ɗaya na ƙona fararen riguna uku, na ɗora suna ɗaya a karkace. A da sai in shekara ban ƙona ko ɗaya ba.

Ku da kuke shigowa da bizar kasuwa ku fita, ba ku san takardar zama ba. Tawa a kan aikin nan take rataye. Duk shekara sai kamfani ya rubuta wasiƙa, Haji Sab ya buɗe durowa ya ciro jan hatimi ya buga, sannan a sabunta. Ba hatimi, ba zama. A shekarar nan ƙarshen watan ne wa'adina.

Ya kira ni ya ɗaga rigar da na ƙona. Idris bai yake ce mini, wato ɗan'uwa Idris a yarensu. "Idris bai, wannan mene ne?"

Na ce, "Lawban, sabon launi ne, ruwan ƙwai. Za a yi yayinsa."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Fom ɗinka ya sauka."

"Na ɗan lokaci ne."

"Kowa haka yake cewa." Ya juya ya kalli ƙusa ta uku.

Shi ma Na Uku a lokacin hannunsa ya mutu. Sai ya fito da sandarsa a hankali yadda ya saba, kafin mai shayi ya ɗora ruwa an kakkaɓe masa itatuwa ya juya. Sau da yawa a jere. 'Yan jaridar ƙasarsu suka taso shi gaba, wai ƙafarsa ta yi nauyi, wai idonsa ba ya ganin jifa mai sauri. Akwai wani matashi da yake ta zuba maki a wasannin cikin gida, kowa yana cewa lokacinsa ya yi. Ni Ango nake ce masa, saboda yadda yake gyara gashi. Mu kuma muna da kwali shida na farar riga da sunan Na Uku, an riga an buga.

Haji Sab ya yi kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Rana ta uku ya ce, "A cire. A saka na yaron." Sannan ya nuna ni. "Kai za ka yi. Sabon inji ba ya cire suna. Idan suka fito ba inuwa, ka kawo fasfo. Idan akwai inuwa," sai ya ɗaga kafaɗa.

Cire suna shi ne ƙarshen ilimin sana'ar nan, ku buɗe kunne. Za ka juya rigar ciki waje, ka zuba maganin narkar da gam a daidai bayan haruffa, mai warin da yake sa ka ga kakanninka. Ka ja yadin hagu da dama har leda ta ɗaga kai, ka kama da hantsaki ka ja a hankali. Leda ba ita ce abokiyar gaba ba. Gam ɗin da ta bari shi ne. Idan ka bar ko ɗan kaɗan, siffar tsohon suna za ta zauna a yadin, ba a ganinta sai an karkata rigar a haske. Ita muke kira inuwa. A jar riga ko baƙa ana iya ɓoye ta. A fara, ba inda za ta shiga. Ni bayan magani sai na bi da dabarar Fagge: ruwan ɗumi, ɗan lemon tsami, ɗigon bula, a murza da farin ƙyalle, a shanya a inuwa ba a rana ba.

Kwana tara na yi a kai. Kowace riga Anti Lo ta ɗauka ta kai taga, ta saka gilashi, ta karkata ta nan ta karkata ta can. Ba ta samu komai ba. A ta ƙarshe ta ɗaga mini babban yatsa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na san ta. Na buga sunan Ango a kansu duka, istigfari goma sha biyu-biyu, ba wadda ta ƙone. Muka rataye su a igiyoyi su sha iska kafin a naɗe. Na koma gida ina tafiya kamar mai unguwa.

To kun san kwanakin nan na bayan sanyi da iskar teku take juyowa, bango ya kama gumi. Wanda bai taɓa gani ba zai ce ƙarya ne. Da safen nan matakalar bene kamar an yi mata wanka, madubin lif ya rufe, jajayen takardun da Sinawa suke mannawa a ƙofa suna zubar da launi har ƙasa. Na tarar da Anti Lo a bakin shago da makulli a hannu, ƙofa a buɗe, ba ta shiga ba.

Na leƙa. Riguna a jere, sahu-sahu, duk sun juya mana baya, ba iska amma suna ɗan motsi saboda nauyin danshi. Yadin ya sha ruwa ya yi duhu kaɗan. A bayan kowace, ƙarƙashin sunan Ango, haruffa shida sun fito fari tas, busassu. Ba wadda ta tsira. Ba sai ka karkata ba, daga bakin ƙofa kana karantawa.

Haji Sab ya iso ya tsaya a tsakaninmu. Ya bi sahun rigunan da ido har ƙarshe. Sannan ya ce, "Gam."

Na ce, "Lawban, ba gam. Anti ta duba."

"Ruwa ba ya kama inda gam yake. Ka bar gam."

Maganarsa tana da kai, ni ma na sani. Amma na san hannuna, ko da ya mutu. Na ce a ba ni kwana biyu.

Anti Lo ta ce wataƙila ƙarfen ne ya riƙe sunan, tunda ya buga shi sau dubbai. Muka canza katifar ƙasan ƙarfe, muka canza takarda mai santsi, muka goge bakin kada da magani har yana ƙyalli. Sannan ta yi wani abu da ban sa ta ba. Ta farke sabuwar leda, ta ciro farar rigar da ba ta taɓa ganin ƙarfe ba, ta ɗaga rigar Na Uku daga ƙusa ta uku ta rataye sabuwar a wurin. Ta ciro wata ta rataye a ƙusa ta biyar. Haji Sab yana kallo, bai hana ba.

Da safe ta ƙusa ta biyar jiƙaƙƙiya ce kawai. Ta ƙusa ta uku tana da haruffa shida.

Na cire ta da hannuna. Bangon duk ya jiƙe, ruwa yana gangarowa layi-layi, amma a daidai inda bayan riga yake kwanciya, sunan yana nan a jikin fenti, bushe, ruwa yana zagaye shi yana wucewa. Abin da ya tsaya mini shi ne a miƙe yake. Rigar nan bayanta a waje yake kullum, gabanta ne yake taɓa bango. Ko da leda ce ta yi shekaru tana shafar fenti, ta ina ta bi?

Na tambayi Haji Sab haka. Ya ce in daina surutu in kunna fanka.

Anti Lo ta fita ta dawo da lemo uku ta jera a gindin bangon, irin hadayar da suke yi. Na ce a'uzubillahi, na karanta abin da na iya. Da azahar yunwa ta kama ni na ci ɗaya, don in nuna wa koma wane ne cewa akwai Musulmi a shagon. Ba ta yi mini magana ba har aka tashi.

Mamman ɗan Maradi ya zo ɗaukar rigunan ƙwallon wani kwastomansa ya tarar da mu haka. Ya tsaya gaban bangon ya cire hula ya sosa kai.

"Baba Idi, wanga mutum ya rasu ne?"

"Da ransa. Jiya ma an nuna shi yana atisaye."

"To mi ya kawo shi Panyu? Shina da biza?"

"Kai dai ɗauki kayanka."

"Ni dai in ni ne, in bar mishi shagon. Mutumin da ba a kore shi ba tukuna ya fara fatalwa, in an kore shi hwa?" Ya ɗauki buhunsa, bai ko tsaya shan shayi ba, Mamman da ba ya wuce buta.

Muka kunna fankoki, muka bi rigunan da ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Da sun bushe sunan ya ɓace, sai na Ango shi kaɗai, tsaf. Da ka bar riga rabin awa a igiya sai ya fara dawowa, daga harafin farko. Haji Sab ya ce a naɗe su da zafinsu a rufe a leda. Na ce, "Lawban, can ma ana zufa. Mutum zai saya ya shiga rana." Ya ce ya ji, a naɗe.

Ranar Alhamis da tsakar rana dattawan suka fitar da sunaye. Haji Sab ya kashe injuna, ya tsaya gaban bango da waya, yana karantawa yana taɓa kowace ƙusa. Ɗaya. Biyu. A ta uku ya tsaya, ya sake kallon wayar, ya faɗi sunan Ango. Ya ci gaba har goma sha ɗaya. Ya leƙa bayan ƙofa wajen buta, can ma ba Na Uku. Ko ruwa ba su ce ya kai ba. Wai an ba shi hutu ya je ya nemo fom ɗinsa.

Ya ɗauko tsohuwar rigar, wadda ta yi shekaru har wuyanta ya yi ƙasa-ƙasa, ya naɗe ta yadda ake naɗe kayan mamaci, ya saka a durowar da hatimi yake, ya kulle. Ya rataye ta Ango a kan sunan da ke bango. Hasashensa ya yi daidai, kayansa za su shiga kasuwa, amma fuskarsa kamar wanda aka yi wa sata.

Ya ce, "Idris bai, bayan Juma'a za mu yi magana. Ka yi aiki da yawa. Kana buƙatar hutu."

Na san wannan hutun, yanzun nan na ji an ba wani. Kwana huɗu suka rage a takardata.

Ranar Juma'a ban shiga shago ba. Na ciro farin kaftanina, ɗinkin Kano, shadda ce ba irin yadinsu ba, wanda ƙafarsa ba ta taɓa taka bene na biyar ba. Na goge shi a ɗakina da ƙaramin dutsen gugana na lantarki, na ce idan sallama ce a yi ta da karin guga a hannun riga. Na hau metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har wajen tashar jirgin ƙasa, masallacin nan mai itatuwa da kuka sani. Na makara, ciki ya cika, na samu wuri a tsakar gida. Rana ba ta fito ba amma iska kamar an rufa maka jiƙaƙƙen bargo. Kafin a gama huɗuba kaftani ya manne mini a baya.

Aka idar. Ina cikin tasbihi na ji an taɓa ni da yatsa a tsakanin kafaɗu. Na juya, Mamman ne a sahun bayana, idonsa a waje.

"Baba Idi, kada ka motsa."

"Kunama ce?"

"Da kunama ce da na kashe ta. Mi ka buga ga bayanka?"

"Ban buga komai ba."

"Haruffa shida," ya ce, ya fara bi da yatsa yana zanawa a bayana, ina jin kowane lanƙwasa. Tun a na biyu na san sauran. Na buga su fiye da yadda na rubuta sunan mahaifina.

Sai a lokacin na lura da wanda yake zaune kusa da shi. Jan gemu, carbi ya tsaya a hannu. Ashe duk sallar nan a bayana ya yi ta, ruku'u da sujada, yana ɗagowa yana karantawa.

Na ce, "Lawban, wallahi a gida na goge."

Ya saka carbin a aljihu. Na yunƙura zan cire kaftanin in gani da idona, ya riƙe mini hannu, ya ce a bar shi. Muka fito. Wajen masallaci cike da masu gasa nama da masu gurasa, jama'a ana turereniya. Mamman ya ce shi yana da kago a wani wuri, ya ɓace. Ni ina gaba, Haji Sab yana baya. Na rage sauri don ya zo mu jera, shi ma ya rage. Na tsaya, ya tsaya. Haka muka bi titi har bakin metiro, lawban yana bin ma'aikacinsa kamar mai rakiya.

A ƙasa akwai sanyin na'ura. Muna tsaye muna jiran jirgi ina jin kaftanin yana saki daga fatata. Ya matso kusa, har ina jin numfashinsa a wuyana. Ya ce, "Harafin ƙarshe ya tafi." Ya ɗan jira. "Saura biyu." Sannan ya daina ƙirgawa.

Ni ban taɓa gani ba. Da na isa gida na cire, farin kaftani ne da gishirin zufa. Na jiƙa shi a bokiti, na rataye a banɗaki, na zauna a gabansa har ya bushe, ba komai.

Amma a can ƙasa, da jirgi ya iso ƙofa ta buɗe, ya zagayo gabana a karon farko tun daga masallaci. Ya ce, "Gobe ka zo da fasfo."

Na ce, "Lawban, ka tuna fa. Riga uku na ƙona. Inuwa kwali shida. Hannuna ya mutu."

Ya shiga jirgi ya kama ƙarfe. "Jiya na sauke Na Uku sau ɗaya," ya ce. "Ba zan sauke shi sau biyu a sati ɗaya ba. Ƙarfe takwas, kada ka makara."